Bizar Ostareliya da aka so sayar wa ƙanena

Ranar Juma'a bayan sallar isha'i ƙanena ya same ni a fada muna shan shayi, ya miƙo min waya yana washe baki, wai Yaya karanta ka gani Allah ya yanke mana wahala. Wani ne a WhatsApp ya ce mai akwai kamfani a ƙauyen Ostareliya da ke neman masu walda, su za su ɗauki nauyin biza, shi dai ya turo miliyan uku na sefa "kuɗin gurbi". Yaron nan shekara tara yana walda a wani garaji kusa da kasuwar Dole, hannunshi na da kyau wallahi, har ya fara lissafin sayar da moto da filin da Baba ya bar mana.

Na ce mai dakata tukun. Kwana biyu na yi ina tono a intanet, kuma abin da ya ba ni mamaki bizar nan gaskiya akwai ta. Lambarta 494, an fara ta a Nuwamba 2019, don garuruwan da ba su samun ma'aikata. Kuma abin da suke kira ƙauye ba irin namu ba ne fa, duk inda ba Sidni ba, ba Melbon ba, ba Birisben ba, to ya shiga, har babban birni irin Perth. Biza ce ta shekara 5, in ka yi shekara 3 kana zaune kana aiki a yankin za ka iya neman zama na dindindin da wata biza mai lamba 191.

To amma duk tafiyar daga hannun patron take farawa, wato kamfanin da zai ɗauke ka aiki. Shi zai fara tallata aikin a can Ostareliya ya nuna bai samu ɗan ƙasa ba, shi zai nemi izinin gwamnati, shi zai biya wani haraji na horar da 'yan ƙasa wanda doka ta hana ya ɗora ma ma'aikaci. Tun Disamba 2015 dokarsu ta haramta sayar da ɗaukar nauyi, mai karɓa laifi, mai bayarwa ma laifi, kai da ka biya ana iya soke maka bizar. Wato ko da mutumin nan ba ɗan damfara ba ne, miliyan ukun nan ita za ta kashe maganar.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba shi ba ne. Sharuɗɗan ne. Shekarunka ƙasa da 45, wannan ba matsala. Shekara 3 kana sana'ar, yana da tara, amma da me zai nuna? Patron ɗinshi bai taɓa ba shi takardar albashi ba, kuɗi ne a hannu duk yamma, wani lokacin ma sai "gobe in sha Allah". Sai an tantance ƙwarewarka da takardu, sai kuma jarabawar Ingilishi, IELTS maki 6 a ji da magana da karatu da rubutu, mu da Faransancin ma a lakwal da bulala ya shiga kai. Ko ambasad ɗinsu babu a Yamai.

Da na zayyana mai duk wannan sai ya yi shiru, can ya ce to Yaya ai gara Agadas, aƙalla can ba a tambayar takarda. Na ce kul, ka manta yaran unguwarmu da suka bi Libiya har yau ba labari?

Jiya dai ya je ya roƙi patron ya rubuta mai takardar shaidar aiki da tambari, patron ya ce shi tambarin ma sai an yanko. Mutumin WhatsApp kuwa ya sake turo saƙo da safe, wai an rage, yanzu miliyan biyu da rabi ne.