Kunshin da Kowa Ya Jingina da Shi

Kusan shekara biyu muka yi muna ɗage aikin sabunta OpenSSL a kan sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da manhajojinmu ke gudana a kai. OpenSSL 3.0 ya fito a watan Satumbar 2021, mu kuwa muna kan 1.1.1, kuma duk wanda ya tayar da maganar a taron mako, amsa ɗaya yake samu: "Tunda yana aiki, a ƙyale shi." Ni ma na sha faɗin haka, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. OpenSSL shi ne kunshin da ke ɓoye bayanai idan na'ura za ta yi magana da na'ura, kuma kusan duk abin da ke kan sabobinmu ta hannunsa yake bi. Dole gaban mutum ya faɗi kafin ya taɓa shi. Sai dai masu kula da kunshin sun sanar tun da wuri cewa daga 11 ga Satumbar 2023 sun daina fitar wa jama'a facin 1.1.1, wato gyare-gyaren toshe ɓaraka. Duk ɓarakar da aka gano bayan wannan rana, a buɗe za ta zauna. Wanda ya ga abin da Heartbleed ya yi a Afrilun 2014, lokacin da wannan kuskure ɗaya na cikin OpenSSL ya ba 'yan kutse damar kwasar abin da ke ƙwaƙwalwar sabobi har da mabuɗan sirri, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Saura wata 4 aka ɗora mini aikin.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi: na sa manhajar da ke kula da kunsoshi ta jero mini duk wanda ya dogara da OpenSSL. Jeri ya fito mai tsawo, su Python, curl, nginx, da masu haɗa mu da rumbun bayanai. Na kwafe shi, na ɗauka na san girman abin da ke gabana. Ashe wannan jeri na waɗanda suka faɗi da bakinsu ne kawai. Akwai waɗanda ke ɗauke da nasu OpenSSL ɗin a ciki, kamar Node.js, waɗanda ko ka sabunta na kan saba, nasu yana nan yadda yake. Akwai kuma wata tsohuwar manhaja da muka saya wurin wani kamfani shekarun baya, ba mu da rubutunta na asali, sai dai abin da aka riga aka harhaɗa. Da na duba ta da ldd, umarnin da ke nuna fayilolin da manhaja ke nema, sai ga shi ɓaro-ɓaro tana neman fayil mai suna libssl.so.1.1, ga shi kuwa a sabuwar siga sunan ya koma libssl.so.3. Ba ta cikin jerin kowa, domin da hannu aka sa ta, wanda ya sa ta kuma ya daɗe da barin aiki. Waɗanda suka kwana a ofis a Disambar 2021 suna farautar Log4j, wani kunshi da aka gano babbar ɓaraka a jikinsa, sun san wannan ciwon: kunshin yana cikin wani kunshi, shi ma yana cikin wani, mai manhajar bai taɓa jin sunansa ba.

Daga nan sai maganar wa zai riga wa. Ruby da muke kai ba ya tafiya da OpenSSL 3.0, sai an kai shi 3.1. PHP ma sai 8.1. Wato kafin in taɓa abin da aka ce in taɓa, sai na ɗaga harsunan rubuta manhaja guda biyu, kowanne da nasa zugar kunsoshin da ke rataye a jikinsa. A nan na gane me jinkirinmu ya jawo. Da mun riƙa bin kowace siga a lokacinta, da kowane mataki bai wuce aikin kwana biyu ko uku ba. Da muka tsaya cik, sai kowa ya tsufa tare, suka sarƙe da juna, ka ja wannan wancan ya biyo. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka zauna fafewa.

Duk da haka muka haye. Komai ya harhaɗu, gwaje-gwajenmu duka suka wuce lafiya, muka fara da sabobi kaɗan kamar yadda aka tsara. Na koma gida da sanyin zuciya.

Da asuba wayata ta yi ƙara. Yaron da ke bakin aikin dare ne, bai fi wata shida da zuwa ba. Ya ce, "Oga, ka yi haƙuri na tashe ka. Aikin ƙarfe biyu bai tafi ba, na sake kunna shi sau uku, abu ɗaya yake faɗa." Na buɗe kwamfuta na duba. Layi ɗaya ne: ya kasa buɗe fayil ɗin shaida, wai bai san salon ɓoyewar ba, RC2-40-CBC. Wannan aiki kullum dare yake tura bayanai ga wani abokin hulɗarmu, kuma yana gabatar da kansa ne da wani fayil na PKCS#12, irin fayil ɗin da ke ɗauke da shaida da mabuɗin sirri, da aka ƙirƙira tun da daɗewa, aka kulle shi da salon ɓoyewa na RC2. OpenSSL 3.0 kuwa ya kwashe tsofaffin hanyoyin da suka yi rauni, su RC2, RC4, DES, Blowfish da MD4, ya ajiye su a wani sashe na daban da ba ya buɗuwa sai ka nema da kanka. Babu gwajin da ya kama wannan, saboda a wurin gwaji sabon fayil muke amfani da shi. Rubutun manhajarmu ba shi da laifi ko ɗaya. Abin da ya dogara da tsohuwar sigar fayil ne ƙarami, yana zaune a wani lungu shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye shi.

Wannan ne darasin da ya fi shiga jikina. Da, idan aka ce dogaro, manhajoji kawai nake hangowa. Yanzu na san mabuɗai ma suna dogara, da fayilolin saiti, da na'urorin wasu mutane, da ɗabi'un da aka saba da su har aka manta cewa wani ne ya zaɓe su. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya yi wannan lura har ake kiranta da sunansa: idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wani halin da ake iya gani a jikinsa, ko an yi alkawarinsa ko ba a yi ba, sai an samu wanda ya ɗora gininsa a kai. Masu amfani da webpack 4, manhajar da ke harhaɗa fayilolin shafukan intanet, sun ɗanɗana haka lokacin da Node.js 17 ya zo da OpenSSL 3.0: aikinsu ba shi da alaƙa da tsaro, amma webpack yana amfani da MD4 wajen yi wa fayiloli lamba, sai harhaɗawa ta tsaya cak a hannun dubban mutane.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma na so in bi ta. Layi biyu ko uku a fayil ɗin saiti sun isa su buɗe tsohon sashen ga dukkan sabobi, kowa ya huta. Da gari ya waye na kai wa babban injiniyanmu shawarar. Na ce, "Malam, mu buɗe kawai, daga baya ma gyara." Ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya tambaye ni wace rana ce "daga baya", kuma wa zai tuna. Ba ni da amsa, domin irin wannan "daga baya" ce ta kai mu shekara biyu. Muka buɗe sashen sau ɗaya, a kan na'ura ɗaya, muka karanta tsohon fayil ɗin, muka sake kulle shi da AES, salon ɓoyewar da sabuwar sigar ke karɓa. Minti goma bai cika ba.

Wanda ya ci mana lokaci na mutane ne. Wani abokin hulɗa yana da na'urar da ba ta jin komai sai TLS 1.0, tsohon tsarin ɓoye sadarwa tsakanin na'urori, wanda tun Maris ɗin 2021 aka ayyana a daina amfani da shi, kuma sabuwar sigar ba ta karɓarsa sai ka sauke matakin tsaro zuwa sifili. Wannan ba ya gyaruwa daga kujerata. Sai waya, sai wasiƙa, sai bayani ga mutanen da a wurinsu na'urarsu lafiya lau take, mu ne muka zo da fitina. Ban ga laifinsu ba. Abin da suke faɗa shi muka yi shekara biyu muna faɗa. Muka ware musu ƙofa ɗaya ta daban, muka rubuta ranar rufe ta tare da su, kuma da ranar ta zo sun riga sun sauya na'urar.

Abu ɗaya nake nadama har yanzu. Masu OpenSSL sun rubuta jagorar ƙaura mai tsawo, kuma maganar tsofaffin hanyoyin nan tana ciki a fili. Na leƙa ta sama-sama kafin aikin, ban zauna na karanta ta da natsuwa ba sai bayan kiran asuba. Mutane sun zauna sun rubuta inda za mu yi tuntuɓe, ni kuma ina sauri. Yanzu kafin in taɓa kowane kunshi da lambarsa ta farko ta sauya, sai na karanta bayanin sauye-sauyensa layi-layi, ina tambayar kaina a kowane layi: wa ke amfani da wannan a cikinmu ba tare da ya sani ba?

Jerin da na fara da shi yana nan, amma ya sauya kama. Kowane layi yanzu yana da sunan wanda ke kula da abin, da inda mabuɗansa suke, da salon da aka kulle su da shi. Yaron nan na aikin dare shi ke riƙe da shi, kuma shi ne ya ƙara layin da ke can sama: 7 ga Satumbar 2026, ranar da tallafin OpenSSL 3.0 ke ƙarewa. A ƙarƙashinsa ya rubuta 3.5, sigar da ta fito a Afrilun 2025, da sunayen sabobi uku da za a fara gwada ta a kansu, da ainihin fayilolin shaidar da ke bakin aiki.