Sanyin da Jos ba ta koya mini ba

Mu 'yan Jos muna tinƙaho da sanyi. Tun muna yara a Gangare, in baƙi suka zo daga Kano ko Sakkwato a watan Disamba suka kasa taɓa ruwa da asuba, sai mu ji kamar mun fi su wani abu. Garinmu yana kan tsauni, sama da mita 1,200 daga matakin teku, don haka hunturunmu ba irin na kowa ba ne. Da wannan tunanin na tafi Amurka a watan Agustan 2018, ƙarƙashin shirin Fulbright da ke kai matasan malamai su koyar da harshensu a jami'o'in can. Aka tura ni Madison, a jihar Wiskonsin, garin da marigayi Neil Skinner mai ƙamus ɗin Turanci da Hausa ya daɗe yana koyarwa. Kafin tafiya na shiga kasuwar Katako na zaɓi rigar sanyi mafi kauri a wajen 'yan gwanjo. Hajiyata ta ƙulla mini man kaɗanya da kuka, ta ce, "Allah Ya tsare, ka riƙe salla."

Wata safiya a Nuwamba na ji an ce sanyin ranar digiri 20 ne. A Jos wannan ai lokacin shan iska ne. Ashe su da ma'aunin Faranhait suke lissafi, inda ruwa ke daskarewa a 32, ke nan 20 ɗinsu kusan 7 ne ƙasa da sifiri a namu. Na tsaya jiran bas babu safar hannu, da takalmi mai sulɓin ƙasa. Da na isa aji yatsuna sun ƙi riƙe alƙalamin allo. Na ɗauka ya faɗi, na sake ɗauka ya sake faɗi, ɗalibai goma sha ɗaya suna kallona. Sai na ce yau darasin baka za mu yi.

Abin da ya fi damuna idan na tuna shi ne na yi mako uku a haka ban tambayi kowa ba. Ga abokan aiki, ga maƙwabta, ga ofishin kula da baƙin ɗalibai, amma bakina ya yi nauyi. Ni ne malam. Yadda aka raine mu, malam shi ake tambaya, kuma ɗan Jos da ya ce sanyi ya fi ƙarfinsa kamar ya ba da gari ne. Na sha koya wa yara cewa matambayi ba ya ɓata, na kuma san an ce baƙon gari makaho ne ko da idonsa, sai ga shi duka biyun sun sauka a kaina ban gane su ba.

Wani ɗalibina ne, ɗan manoma daga arewacin jihar, ya jira kowa ya fita sannan ya matso. Da 'yar Hausarsa ta wata uku ya ce, "Malam, riga ba kyau. Sanyi da yawa." Ranar Asabar ya kai ni kantin gwanjonsu. Ya nuna mini cewa ba kauri ake bi ba, hawa-hawa ake sa kaya: ta ciki mai kama jiki, ta ulu a kanta, sannan wadda iska ba ta ratsawa. Ya ce in guji auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi, gumin kuma shi ke komawa sanyi. Ya zaɓar mini takalmi mai ƙasa kamar tayar mota, ya koya mini taka ƙanƙara da gajeren taku. Bai yi mini dariya ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Har yau ina ganin wannan keɓewar da ya yi da ni ta fi kayan daraja.

Sauran rayuwar hunturu a hankali na saba da ita. Mota mai shebur a gaba tana ture dusar ƙanƙara tun kafin asuba, ana watsa gishiri a titi don ta narke, kowane mai gida yana share hanyar ƙofarsa. Tafkin Mendota da ke gefen garin ya daskare har mutane na huda rami a kansa suna kamun kifi. Duhu ne ya fi ba ni wuya. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin kimanin awa huɗu da rabi, a tsakiyar lokacin aji. Na koyi riƙe alwala da ajiye darduma a bayan ƙofar ofis. Man kaɗanyar Hajiya kuwa shi ya ceci leɓɓana da dugadugaina daga busasshiyar iskar ɗumama ɗaki.

A ƙarshen Janairun 2019 aka yi wani sanyi da su kansu 'yan gari suka ji tsoro. Ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri a ma'auninmu, aka dakatar da darussa, har masu kai wasiƙa ba su fita ba. Ina ɗaki ni kaɗai, taga ta yi fari ta ciki, sai saƙonni suka fara shigowa daga ɗalibaina. "Ina kwana, Malam? Yaya sanyi?" Gaisuwar da na koya musu a makon farko ce, wadda a lokacin suke mamakin tsawonta. Na amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, "Sanyi lokacinsa ne," idona cike da ƙwalla.

Yanzu na dawo Jos ina koyarwa a wata sakandare. Duk shekara muna karɓar yaran da suka zo daga ƙauyukan Wase ko Kanam, ko waɗanda suka taso a makarantar allo suka shigo boko a makare. Da can in na ce "akwai tambaya?" aka yi shiru, sai in wuce abina ina ganin an gane. Na daina yarda da wannan shirun. Ina duba hannuwa da littattafai, ina lura da wanda ke kwafar na maƙwabcinsa a ɓoye, ba na kuma kiran sunansa a gaban aji.

Makon jiya, da hazo ya rufe gari, na lura da wani yaro a layin baya da ya yi kwanaki bai rubuta komai ba. Da aka tashi na ce ya taya ni ɗaukar littattafai zuwa ofis. Muna tafe na ce, "Ɗana, daga inda kake zaune kana ganin allo kuwa?" Ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, dishi-dishi nake gani." Washegari na sauya wa layuka uku wurin zama gaba ɗaya, shi ya faɗo a gaba, da yamma kuma na je na sami mahaifinsa a shagonsa muka yi maganar asibitin ido.