Yadda injin wanki ya cinye min leshin anko

Wallahi har yau in na buɗe durowa na ga sauran leshin nan sai naji wani abu ya tokare min a ƙirji. Ankon bikin ƙanwar maigidan ne, kalar sararin samaniya mai ƙananan duwatsu, a Kantin Kwari aka ciro mana shi, sau ɗaya tak na saka ranar kamu, jar miya ta ɗan ɗiga min a gaba. Washegari aka kawo wuta, toh kun dai san yadda gida yake rikicewa in an kawo wuta, wannan na caji wannan na guga wani na gudu ya tada famfo, nima ban tsaya wani tunani ba na kwaso duk abin da ke cikin kwandon wanki na danna a inji, wandon jins na yara, tawul biyu, wata rigar sanyi mai zif, da leshin nan a tsakiyarsu, na murɗa inda na saba murɗawa wato Cotton nayi tafiyata kicin.

Da na buɗe ƙofar sai da na zauna a ƙasa. Zif ya kama ragar leshin ya keta wajen hannu, duwatsun sun zube sun taru cikin robar bakin ƙofa kamar tsakuwar shinkafa, ga tawul ya bi jikinsa da farin gashi-gashi. Hajiya surukata na gidan lokacin, ta ɗaga rigar ta juya ta, tace "ai dama na faɗa miki 'yar nan, kayan arziki ba a ba ƙarfe ya wanke." Nace hakane Hajiya. Me zan ce?

Amma a raina ban yarda ba gaskiya. Daren nan na nemo littafin da ya zo da injin, yana nan cikin ledarsa tun ranar da aka kawo shi ban taɓa buɗewa ba, sai naga ashe laifin duk nawa ne. Akwai wajen da aka rubuta Delicate, wasu injinan Gentle suke rubutawa, wasu kuma hoton hannu a cikin baho ne ko hoton gashin tsuntsu. In kin kai nan, gangar a hankali take juyawa, ta ɗan juya ta tsaya ta huta ta sake juyawa, ruwan yana da yawa kan kayan yadda za su riƙa yawo a ciki maimakon su riƙa gogar juna, kuma ruwan sanyi ne ko kuma zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Sai babban abin da ban taɓa kulawa da shi ba, lambobin nan 400, 800, 1200 da ke gefen Spin. Ni da na ɗauka kwalliya ce. Ashe yawan juyin da gangar take yi ne a minti ɗaya lokacin matse ruwa. Ki lissafa leshi mai raga manne da zif ana wujijjiga su sau 1200 a minti ɗaya, ai ni ma da nice leshin da na yage. Yanzu kayan da nake ji da su ba na wuce 400, in na matsa 600, wani zubin ma kashe matsewar nake gaba ɗaya in ciro su suna ɗiga.

Kuma ba a cika ganga. Nawa mai kilo 7 ne amma a wankin lallaɓa kilo 2 littafin ya ce, wato kamar gyale uku da doguwar riga ɗaya. Nasan da ciwo, wuta bata zama kuma ruwan ma saye muke a wajen 'yan garuwa in famfo ya ƙi, mutum so yake ya zuba komai a tashi ɗaya ya huta. Toh amma kuɗin jarka biyu da kuɗin yadi biyar na leshi ba ɗaya bane. Abin daɗin ma tunda ba a dafa ruwa wankin baya jan wuta sosai, don abin da ke ɗumama ruwan shi ne mai cin wuta, yakan kai wat 2000, shi ya sa ƙaramin janareta yake shaƙewa in kin sa wankin zafi.

Masu inji mai baki biyu, wanda ake wanki a gefe a matse a gefe, kar ku ce wannan zancen masu ƙofa a gaba ne. Irinsa ne a gidanmu wajen Umma kuma shi nafi tsoro a kan gyale, saboda faifan nan na ƙasa da ke juyawa, in ya samu dogon mayafi sai ya murɗe shi ya zama igiya, ki zo kina warwara kina jin zare na tsinkewa. Ki kai shi Gentle, ki cika ruwa sosai, agogon kuma duk da yana kaiwa minti 15 ke minti uku zuwa biyar sun ishe ki. A gefen matsewa ki danna marfin robar nan a saman kayan, ki ƙirga kamar talatin ki kashe.

Abin da ya fi komai cetona dai jakar raga ce mai zif, wadda ake sa kaya a ciki kafin a jefa a inji. Kafin in samu, rigar filo nake amfani da ita, in juya rigar baibai, in naɗe ta in zura, in ɗaure bakin da tsumma tamau. Har yanzu in jakunkunan basu isa ba ita nake ɗaukowa kuma ban ga bambanci ba sai dai na gayu. Duk wani zif a zuge shi, ƙugiyar rigar mama a maƙala ta, ita ma ɓarauniya ce ba ƙarama ba, ta taɓa ja min zaren wani gyale tun daga wannan baki har wancan.

Sabulu kuma. Yawancin omo ana sa masa sinadarin da ke cinye tabon jini da ƙwai da nama, toh siliki na gaske da ulu su ma daga jikin halitta suke, ɗaya daga tsutsa ɗaya daga tunkiya, don haka a hankali sinadarin yake cin zarensu har ki ga kaya ya mutu ya daina sheƙi. Ga su sabulun ruwa marar ƙarfi nake sawa, in babu in ɗan tsiyaya shamfun yara. Bilic kuwa ko kusa. Baƙar abaya ma na daina zuba mata garin omo kai tsaye, a ruwan sanyi baya narkewa duka sai ya bar mata farin zane, sai in dama shi a kofi tukunna. Wani abu da mu matan nan muka fi kowa fama da shi, tabon humra a gyale da wuyan riga, wannan maiƙo ne, wankin lallaɓa shi kaɗai baya fitar da shi, sai kin ɗiga sabulun wanke-wanke a wajen kin shafa da yatsa kin bar shi ya ɗan jima.

Kayan kanti ki duba ɗan ƙyallen da ke cikinsu. Hoton baho mai layi ɗaya a ƙasa a lallaɓa, layi biyu a lallaɓa sosai, hannu a cikin baho da hannu za ki wanke, in an soke bahon da gicciye kar ruwa ya taɓa shi. Matsalar dai namu na tela babu wanda ya liƙa musu komai, sai dai ido da hankali.

Inda Hajiya ta fi ni gaskiya kuwa akwai. Shaddar maigidan, Getzner ɗin nan da ake kawowa daga Ostiriya, bana ko gwadawa, maiƙon jikinta shi ne kuɗinta, wajen masu wanki da bugu take zuwa. Hular zanna ma tana da masu wankinta da gungumensu, in ta shiga inji ta dawo kamar buhun gishiri ke kika sani da mai ita. Abayar da duwatsunta da gam aka liƙa ba ɗinki ba, ita ma baho da hannu, in tsoma in ɗaga in tsoma, babu cuɗa.

Shanya a inuwa nake yi, baibai, mai nauyin ado kuma in shimfiɗa shi kan tawul in naɗe in danna ruwan ya fita, don in kin rataye shi jiƙe nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo. Da hunturu kuma kar ki manta su a igiya, ƙura zata maida ki baya.

Leshin dai tela ya yanke inda ya tsira ya fitar wa 'yata riga da ɗan kallabi, ta saka da ƙaramar sallah. Shekaranjiya kuma sai ga yaro daga gidan Hajiya da leda, mayafanta ne guda uku a ciki, wai tace a gaishe ni, in an kawo wuta a saka mata su cikin rigar filon nan.