Daren da muka ƙi zama Turawa a duniyar Mars

Littafin dokokin Space: 1889 ya yi wata biyu a hannuna kafin in yi ƙarfin halin tara mutane. Wasan tebur ne, kayan aikinsa takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuska shida. Kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya shiga rigarsa, ni kuma in riƙe labari, in ce ga abin da kuka tarar, me za ku yi? In abin mai wuya ne, ɗan ludo ya raba gardama. Wani Ba'amurke, Frank Chadwick, ya tsara shi, kamfanin GDW ya fitar da shi a 1988.

Abin da ya ja ni shi ne wasan ya ɗauki zaton masanan zamanin Sarauniya Biktoriya ya mai da shi gaskiya. Sun zaci sararin samaniya cike yake da wani abu da ba a gani mai suna eta, to a labarin wasan, Thomas Edison, shahararren mai ƙere-ƙere na Amurka, ya ƙera injin da ke tura jirgi a cikinsa, ya sauka a Mars a 1870. Schiaparelli, masanin taurari na Italiya, ya ce ya hango layuka a fuskar Mars a 1877, to a wasan magudanan ruwa ne na gaske, da tsofaffin birane a gaɓarsu. Akwai kuma wata bishiya, itacen tashi, da katakonta ke ɗaga jirgi sama ba tare da fiffike ba.

Kuskurena na farko shi ne na zauna ina zuba musu duk wannan kamar mai lacca, har shayi ya huce. Ɗaya daga cikinsu malamin kimiyya ne a sakandare, sai ya tsare ni: ai masana kimiyya Michelson da Morley sun nemi etan nan a 1887 ba su ga alamarsa ba. Maimakon in ce masa a wannan duniyar sun same shi, mu wuce, sai na biye masa. Rabin awa ta tafi a banza.

Babbar rigimar a wurin cike takarda ta tashi. Cikin siffofi shida da ake ba kowane mutum, bayan su ƙarfi da basira, akwai matsayinsa a cikin jama'ar Ingila, daga lebura har zuwa jinin sarauta. Na riga na shirya musu su zama hafsoshi a Syrtis Major, yankin da Ingila ta mallake a Mars. Yayanmu, wanda ya girme mu duka, ya juya takardar, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Ƙanena, wato ni ne Gwamna Lugga yau?"

Aka yi dariya, amma bai ɗauki fensir ba. Ya ce birni mai ganuwa da sarki da fatake, ga baƙi sun zo da bindiga mai ruwan harsashi da takardar yarjejeniya, wannan ai Kano ce a 1903, an shafa mata jar ƙasa. Malamin kimiyya ya ce wasa wasa ne, kuma littafin bai ɓoye muguntar mulkin mallaka ba, tunda ya nuna zaluncin Beljiyam a kwarin Coprates da ke Mars, irin wanda ta yi a Kwango. Yaya ya ce ya ji, amma wa aka ba bakin magana? Ni dai a raina na san ya fi ni gaskiya, abin da ke cina shi ne shafi goma da na kwana ina rubutawa.

Na ture shafukan gefe. Suka zama 'yan ƙasa: mai jirgin fito, bafatake, da tafinta. Tanadin littafin ya fi karkata ga baƙin da suka je daga duniyarmu, don haka nan take na riƙa ƙaga abin da babu, kuma daga nan wasan ya yi daɗi. Na kawo wakilin wani kamfani da takarda irin wadda mutanen Goldie, Baturen da ya shugabanci kamfanin Royal Niger, suka yi yawo da ita a bakin Kwara, yana so sarki ya sa hannu a kan dajin itacen tashi. Yaya ne tafinta. Ya ce zai karanta wa sarki abin da ke rubuce, ya gaya wa Baturen wani abu dabam. Na ce jefa. Ɗan ludo ya gangara ƙarƙashin kujera, mu huɗu muka durƙusa da fitilar waya. Shida ce. Ihun da aka yi sai da maƙwabci ya buga ƙofa.

Tun daga ranar rabin shafi kawai nake shiryawa, sunayen mutum uku da abin da kowannensu ke nema, sauran a bakin 'yan wasa nake samu. Yanzu sun sace jirgin kamfanin, sun ce Asabar mai zuwa sai Venus, Zara matar wata, inda Jamusawa ke fama da fadama da manyan ƙadangaru. Ban gaya musu cewa itacen tashi lalacewa yake yi a can ba.