Rigar da ban saka wa maɓalli ba

Yau da asuba, kafin a fita Idi, wani bawan Allah ya ƙwanƙwasa min shago riƙe da hannun ɗansa, yaron bai wuce shekara 6 ba. Tun ranar 8 ga azumi ya kawo min ɗinkin shaddar yaron, na ninke na ajiye a ƙasan tebur, kullum ina cewa gobe. A raina na yi lissafin azumi 30 ne. Jiya da daddare sai ga sanarwar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, a 29 aka tsaya. Na kwana a kan keken ɗinki. Gaskiya ban taɓa jin hannuna ya yi sauri kamar daren jiya ba, babu duba waya, babu hira, almakashi yana shiga yadi ba na ko tsayawa tunani, kaya 5 na haɗa kafin kiran sallar farko. Amma wuta ta ɗauke wajen ƙarfe 3, man janareto ya ƙare, rigar yaron ta tsaya ba aiki a wuya, ba maɓalli.

Yaron ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ɗago ya ce, "Baba tela, ina zanen da ka ce za ka yi min?" Mahaifinsa bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ba komai Malam, Allah Ya maimaita mana." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Har aka idar da sallah ina tuna kwana 21 da shaddar nan ta yi a ƙasan teburina.