Inda Na Kai a Gyaran Na'urar MiniDisc

'Yan'uwa masu koyon gyaran na'urorin faifai, ga inda aiki ya tsaya a kan ƙaramar na'urar MiniDisc da nake gyarawa, wadda take kunna faifai lafiya lau amma ta ƙi ɗaukar sauti. Na goge idon leza da auduga, na ɗiga mai a sandar da idon yake bi, kuma duk wannan bai taɓa matsalar ɗauka ba.

Sai da na koma kan yadda ake rubutu a wannan faifai sannan hanya ta buɗe. A faifan CD-R da muka saba da shi, leza ce kaɗai take aiki: tana ƙona wani siririn rini da ke tsakanin robar faifan da shimfiɗar azurfa, kuma wurin da ya ƙone ba ya dawowa. MiniDisc kuwa, wanda kamfanin Sony ya fito da shi a 1992, faifai ne mai faɗin milimita 64 a cikin gidan roba, kuma a masana'anta ake shimfiɗa masa gaurayen ƙarfe da kobalt da tabiyom a kan robar da aka riga aka yi wa gurbi mai ɗan lanƙwashe-lanƙwashe, wanda da shi na'ura take sanin inda take a jikin faifan. Lokacin ɗauka leza tana zafafa ɗan ɗigo daga ƙasa har kusan digiri 180 a ma'aunin Celsius, inda gaurayen yake sakin maganaɗisunsa, a daidai lokacin kuma wani ɗan kan maganaɗisu da ya sauka a bayan faifan daga sama yana jujjuya fuskarsa gwargwadon bayanan sautin. Da ɗigon ya huce sai ya riƙe fuskar da aka ba shi, kamar kakin da aka narkar aka danna wa hatimi.

Wajen kunnawa babu ruwan wannan kan. Leza mai rauni ce take haska faifan, hasken da ya dawo kuma yana ɗan murɗewa dama ko hagu bisa ga fuskar maganaɗisun wurin, abin da masani John Kerr ya gano tun a 1877. Ke nan na'ura za ta iya kunna faifai ba tare da tangarɗa ba alhali rabin kayan ɗaukarta a mace yake.

Da na cire murfi na kalli kan maganaɗisun da gilashin ƙara girma, sai na tarar ɗan hannun da yake ɗauke da shi bai lanƙwashe ba, yana sauka daidai idan aka danna maɓallin ɗauka. Illar tana jikin siririyar waya mai kama da ƙyalle da take kai wa kan maganaɗisun wuta, a daidai inda take naɗewa duk sanda aka buɗe murfi: akwai tsaga wadda ido ba ya kamawa sai an karkata ta ga haske, kuma mita ta nuna wuta ba ta wucewa. Na ƙetare tsagar da zaren waya biyu masu laushi, na kama su da dalma kaɗan, na bar musu sarari don kada murfi ya ja su.

A nan akwai haɗarin da ya kamata ku sani tun kafin ku fara gwaji. Na'urar ba ta rubuta jadawalin abin da ke cikin faifai sai an gama ɗauka, lokacin da harufan TOC, wato sunan wannan jadawali a taƙaice, suke ƙyaftawa a fuskarta. Idan kan maganaɗisu ya mutu, leza za ta zafafa wurin jadawalin ba tare da an rubuta komai ba, faifan da ke cike da sauti ya koma kamar babu komai a cikinsa. Yankewar wuta a wannan ɗan lokaci ma tana iya jawo haka, saboda haka ni da batir nake gwaji, a kan faifai guda da na keɓe, sauran kuma na zame musu maƙullin hana ɗauka. A ganina keɓe faifan gwaji ya zama wajibi, tunda Sony ta daina ƙera faifan ɗauka a Fabrairun 2025.

Yanzu na'urar tana ɗauka, amma sautin yana tsalle idan ɗaukar ta yi nisa. Ina zargin ƙarfin lezar, domin rubutu yana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin abin da karatu yake ci, kuma lezar da ta tsufa a wajen ɗauka take fara gazawa. Ba zan taɓa saitin ƙarfinta ba sai na rubuta lambobin da ke ciki tukuna, kuma wannan ne aikin da ke gabana.