Digiri shida da suka cinye mini bawul

Har yau in na ɗaga bonet na ga sabon manifol ɗin nan, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga inji, sai raina ya sosu, don ba wanda ya jawo mini sai hannuna. Digiri shida kacal na juyin inji na ja tayimin baya, wato na jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta. Abin takaicin ma, fayil ɗin da na adana saitin a ciki suna na sa masa "kariya", saboda a ganina taka-tsantsan nake yi.

Motar mai silinda huɗu ce, lita biyu, da turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji. Na ɗaga matsin iskar turbo daga 0.5 zuwa 1.1 a ma'aunin bar, na sa manyan nozul masu fesa mai da famfon mai mai ƙarfi, duk wannan ya tafi lafiya. Damuwa ta fara ne ranar da na ji ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani wajen juyin inji 4,500 a minti, wato mai yana fashewa da kansa a silinda maimakon ya bi wutar fulogi ya ƙone a tsanake. Duk mai wasa da turbo ya san wannan ƙara ce ke fasa fistin. Na tsorata. Na buɗe kwamfuta na rage tayimin a duk inda matsi ya haura bar 0.8, ƙarar ta ɗauke, na yi ajiyar zuciya.

Sai agogon zafin hayaƙi ya fara hawa.

Da can, in na take totur a giya ta huɗu, yakan tsaya wajen 720 a ma'aunin Salshiyos. Yanzu ga shi yana leƙa 800. Ni kuwa abu ɗaya na haddace: in salansa ta yi zafi, mai ne ya yi kaɗan. Kowa haka yake faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Fetur yana ƙonewa tsaf ne in iska ta kai kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, kuma a kusa da nan ne hayaƙi ya fi zafi. Shi ya sa in turbo na hurawa ake saukowa wajen 11.5 zuwa 12, don rarar man da bai samu iskar ƙonewa ba ya kwashe zafi ya fita da shi. To ni ina kan 11.7 lokacin. Na ce bari in ƙara. Na sauko 11.2, agogo ya ɗan ja baya kamar abin kirki. Na sauko 10.8, na sauko 10.4. Baƙin hayaƙi ya fara bin mota, ƙarfi ya ragu, in na ɗaga ƙafa sai salansa ta riƙa harbi, wuta na leƙowa ta baya. Abokai a filin gwaji har tafi suke yi. Ni ma, in faɗi gaskiya, harbin ya burge ni. Ban san kuɗina ne ke ƙonewa ba.

Ga abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, alhali a fili yake. In ka jinkirta wutar fulogi, ƙonewa ma a makare take farawa. Fistin ya riga ya yi nisa a hanyarsa ta sauka, don haka zafin da ya kamata ya zama ƙarfin tura shi bai samu aikin yi ba. Bawul ɗin hayaƙi, wato ƙofar da hayaƙi ke fita daga silinda, na buɗewa, sai wutar ta bi ta kansa ta faɗa manifol, daga nan ta wuce kan fankar turbo. Masu kera motoci da gangan suke jinkirta tayimin in an tayar da inji da sanyi, don na'urar tace hayaƙi ta yi saurin ɗaukar zafi. Motocin tseren daji ma da wannan dabara suke hana turbo yin barci in direba ya ɗaga ƙafa, sai dai su sun san turbo ɗinsu ba zai daɗe ba, sun yarda da asarar. Ni kuma na yi wa motata irin wannan a kowace takawa, ina kiran abin kariya. Man da nake ta ƙarawa kuwa, wani ɓangarensa can cikin salansa yake zuwa ya kama da wuta, wani ya wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara ƙasa. Da na zaro sandar awon baƙin mai daga baya, warin fetur ne ya fara tarbata.

Akwai wani ganganci na biyu da ya rufa wa na farko asiri. Sensar da ke auna zafin hayaƙin, bayan turbo na ɗaura ta, don nan ne wurin da ya fi sauƙin hudawa. Hayaƙi kuwa in ya juya fankar turbo yakan zubar da zafi mai yawa, sau da yawa digiri 100 ko fiye. Ke nan lokacin da nake ganin 800 ina cewa da sauran hali, abin da ke dukan bawul da bakin turbo ya haura 900, wataƙila da nisa. Na riƙa kwatanta lambata da iyakar da mutane ke ambata, ban taɓa tambayar a ina suka ɗaura tasu sensar ba.

Wata yamma, bayan zagaye biyar a jere, na tsaya na ɗaga bonet. Duhu ya fara, sai ga manifol ja wur kamar garwashi, har gidan turbo. Da na sake tayarwa inji na rawa, silinda uku ke aiki. Awon matsi ya nuna ta uku ba ta riƙe komai.

Tsohon bakaniken da ya sauke kan injin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini bawul ɗin, gefensa ya cinye kamar an gutsura, ya nuna mini tsagar da ta ratsa manifol, sannan ya ce in buɗe masa jadawalin saitin tayimin a kwamfuta. Ya daɗe yana kallo.

"Yaro, wa ya ja maka wannan baya haka?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ƙara na ji."

Ya ce, "To da ka ji ƙara, ka tambayi me ya kawo ta?"

Ban tambaya ba. Ƙaramin turbo ne na matsa wa lamba fiye da inda yake aiki da kyau, sai ya koma hura iska mai zafi, ga na'urar sanyaya iskar ƙarama ce ta asali, ba ta iya shanye wannan zafi. Iska mai zafi kuwa ita ce uwar waccan ƙara. Maganin yana gaban inji, ni kuma na je na ɗora wa bayansa nauyi. Rage digiri ɗaya ko biyu a daidai inda ƙarar take ba laifi ba ne, kowa na yi. Amma in sai ka cire shida kafin inji ya yi shiru, matsin ne ya fi ƙarfin kayanka, ko fetur ɗin bai kai ba, sai ka sauke matsi.

Da muka haɗa injin, na sa babbar na'urar sanyaya iska, na sa fulogi masu saurin zubar da zafi, na huda manifol na mayar da sensa gaban turbo. Muka sauke matsi zuwa bar 0.9, muka tsayar da mai a 11.6, muka riƙa dawo da tayimin digiri ɗaya-ɗaya a kan na'urar gwajin ƙarfi, Baba na sauraron inji da abin ji a kunne. Huɗu daga cikin shidan suka dawo ba tare da ƙara ba. Da kowane digiri ina kallon allurar zafi tana sauka, ƙarfi na hawa, abin kamar ana yi mini gori. A ƙarshe ta tsaya wajen 860 a gaban turbo, kuma motar ta fi gudu a 0.9 fiye da yadda ta yi a 1.1 da saitina.

Yanzu ba na duba agogon zafi shi kaɗai. In ya hau, kafin in taɓa mai sai na buɗe bayanan da kwamfuta ta naɗa in ga ko tayimin ya ja baya, don ita ma kwamfutar inji takan rage shi da kanta in sensa ta ji ƙara, ba tare da ta sanar da kai ba. Sannan in duba zafin iskar da ke shiga, sannan matsin mai, ko famfo na gajiya a sama. Sensar haɗin iska da mai ma guda ɗaya ce tana auna silinda huɗu a dunƙule, nozul ɗaya zai iya toshewa ita tana nuna maka komai lafiya, shi ya sa nake zare fulogi huɗun in jera su in kalla bayan kowace ranar gwaji.

Fayil ɗin "kariya" yana nan ban goge ba. Kwanaki wani aboki da ya ga wutar da salansata ke fitarwa a wancan lokaci ya roƙe ni in tura masa. Hoton bawul ɗin na tura masa.